Sa'ar Farko Bayan Haihuwa

Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan faɗuwar mabiyiya da tsai da jini

Maganar da na kawo muku yau maganar ɗaki ce, wadda bisa al'ada maza ba su sa baki a ciki. Amma in mai jego ta rasu, labarin ba ya tsayawa a ɗaki. A kan gaya wa mai unguwa, shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kawo gabanku, Malam kuwa ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Tun da ya ke ƙarshen maganar gare ku ya ke zuwa, ya kamata ku san farkonta.

A wurinmu, da an ji kukan jinjiri sai a ce an sauka lafiya, a rangaɗa guɗa, a aika a gaya wa dangi. Ga masana sha'anin haihuwa kuwa, a nan ne sa'a mafi hatsari ta ke farawa. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ko waɗanne mata biyar da suka rasu ta dalilin haihuwa, aƙalla guda jini ne ya tafi da ita. Doguwar naƙuda ta kan ba mutane kwana ɗaya ko biyu su yi shawara. Jini ba ya ba da wannan dama: mace lafiyayya ta kan iya cikawa cikin sa'a biyu.

To, bari in bayyana dalili, don wanda ya gane shi ya gane sauran maganar duka. Mabiyiya, wadda waɗansu ke kira uwa, tsoka ce mai faɗin ƙaramin faifai, nauyinta kamar rabin kilo. Tana manne da bangon mahaifa, ta nan ne ɗa ke samun abinci da numfashi tun yana ciki. Sa'ad da ciki ya tsufa, jinin da ke ratsa mahaifa ya kan kai rabin lita ko fiye a ko wane minti guda. Rabin lita shi ne cikin ledar ruwan sha da yara ke talla a tasha. Da mabiyiya ta ɓanɓaru, sai ta bar rauni mai faɗi, jijiyoyin jini a buɗe, ba ɗinki, ba ɗauri. Abin da ke rufe su hikima ce ta Ubangiji: naman mahaifa a saƙe ya ke kamar tabarma, jijiyoyin kuwa ta tsakanin saƙar suka bi. In mahaifa ta tsuke, saƙar ta matse su, jini ya tsaya. In ta saki jiki, ko wani ɓallin mabiyiya ya maƙale ya hana ta tsukewa, sai jini ya yi ta kwarara. Galibin zubar jini bayan haihuwa daga nan ya ke. Saura kuwa daga ƙaruwa ne, ko yankan gishiri, ko jinin da ya ƙi daskarewa.

Sabo da haka ungozomar da ta sami horon asibiti ba ta zama ta jira jini ya ɓalle. Da ɗa ya fito, sai ta shafa cikin ta tabbata babu na biyu, sa'an nan cikin minti guda ta yi wa uwar allurar oksitosin, awo 10, a cinya. Wannan allura ita ce jigon aikin duka, ita ke sa mahaifa ta tsuke da ƙarfi. Ko wace mace a ke yi wa, mai ƙarfi da rarrauna, 'yar fari da mai haihuwa ta goma, gama babu mai iya duban fuska ya san wadda za ta zubar.

Cibiya kuwa ba a gaggawar yanke ta. A kan dakata minti ɗaya zuwa uku, jinin da ya rage a mabiyiya ya gangara jikin jinjiri. A nan tsofaffinmu sun riga asibiti, don su dama ba su yanka da wuri.

Bayan wannan sai ta jira alamar ɓanɓaruwa: cibiya ta ƙara tsawo a waje, jini kaɗan ya bulbulo, mahaifa ta dunƙule. Sa'an nan ta dafe mara da hannu ɗaya ta tokare mahaifa sama, ɗaya hannun ya ja cibiya ƙasa a hankali, daidai lokacin da mahaifa ke tsukewa. In ta ji turjiya sai ta saki, ta jira. Da mabiyiya ta faɗo ta kan shimfiɗa ta ta duba ko ta cika, ta taɓa mara ta ji ko mahaifa ta yi tauri kamar ɗan duma. In ta ji laushi sai ta murza har ta taurara. Haka za ta riƙa dubawa ko wane minti 15 har sa'a biyu.

Ina roƙonku ku lura da abu guda. Jan cibiyan nan aikin wadda aka horar ne kaɗai, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta hana shi inda babu irinta. Wadda ta ja ba tokari, ko ta ja tun mabiyiya ba ta saki ba, ko dai cibiya ta tsinke a bar mabiyiya a ciki, ko mahaifar kanta ta juyo waje kamar an zazzage aljihu. Wannan na biyun kisa ya ke yi nan da nan.

Yanzu mu koma ƙauye, inda yawancin haihuwarmu ta ke. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma matan da suka haihu a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Sau da yawa mace ta kan durƙusa ita kaɗai sabo da kunya, sai ɗa ya faɗo a kira ungozoma. In mabiyiya ta yi jinkiri, kowa ya san abin da a ke yi: a tura mata muciya ko ludayi a maƙogwaro ta yi yunƙurin amai, a turara barkono ta yi atishawa, a ba ta kwalba ta busa, a girgiza ta, a danne ciki. Ban ce tsofaffin nan mugunta su ke yi ba. Abin da suka gada ke nan, kuma sau da dama mabiyiyar ta kan faɗo, gama dama tana hanya. Illar ita ce ranar da ta maƙale da gaske, waɗannan dabaru su ne ke cinye sa'ar da za a kai ta asibiti. Akwai kuma zancen da a ke yi, wai mugun jini ne, gara ya fita. Jinin biƙi da ke zuwa kaɗan kaɗan cikin kwanakin jego daban ne. Wanda ya jiƙe zane sharkaf, ko ya ke fita guda guda, jinin ranta ne.

Abin da a ke so ga ungozomar gida kaɗan ne, kuma tana iyawa. Ta sa mai jego ta yi fitsari, gama cikakkiyar mafitsara ta kan tare hanya ta hana mahaifa tsukewa. Ta ɗora jinjiri a ƙirjin uwa ya kama nono. Kada ta ja cibiya, kada ta sa hannu ciki. In minti 30 ya wuce mabiyiya ba ta faɗo ba, a kama hanya. In jini na zuba, ko mai jego ta ce tana ganin jiri, ko gumi mai sanyi ya karyo mata, ba a jiran minti 30 ɗin ma, a tafi ana murza mata mara a hanya. In ta faɗo, a duba ta da kyau kafin a wanke a binne, in da wani gefe ya gutsure a tafi da ita asibiti a nuna.

Allurar oksitosin tana da aibi guda a ƙasa irin tamu: zafi na kashe ƙarfinta, sai an ajiye ta a firiji. Wadda ta yi wata a kan kanta cikin zafin bazara, ko an yi ta ba lalle ta yi aiki ba. Don haka inda babu allura mai kyau, ko babu mai yin ta, akwai ƙwayar misofurostol, wadda ba ta bukatar sanyi. Nijeriya ta yi mata rajista domin wannan aiki tun 2006. Ƙwaya uku a ke haɗiya, ko wace mai awo 200, da zarar ɗa ya fito an kuma tabbata ba tagwaye ba ne. Ta kan kawo rawar ɗari da zazzaɓi na ɗan lokaci, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne a ba mace ita tun ɗa na ciki wai don naƙuda ta yi sauri. Yin haka na iya fasa mahaifa, a rasa uwa da ɗa. Duk mai kemis ko ungozomar da kuka ji tana haka, ku kira ta ku tsawata, ku kuma sanar da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Kada a ce ko an kai asibiti babu abin da za a yi. A 2017 an bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a kan mata dubu 20 a ƙasashe 21, har da Nijeriya, wanda ya nuna allurar tiraneksamik tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan sulusi, in an yi ta cikin sa'a uku da haihuwa. In an wuce sa'a uku amfaninta ya tafi. A 2023 kuma aka bayyana wani da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da hannun likitocin Jami'ar Bayero ta Kano. Aka riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni, jini na taruwa ana karantawa, maimakon kintace da ido. Da ya kai iyaka sai a haɗa magunguna duka a lokaci guda: murza mahaifa, da allurai, da ƙarin ruwa, da binciken inda jinin ke fitowa. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Duk wannan sai wadda ta iso da sauran ƙarfinta ta ke cin moriyarsa.

Isowa da wuri kuwa a hannunku ta ke, ranku ya daɗe, fiye da hannun likita. Abin da ya fi tsai da mai jego a gida shi ne maigida ba ya nan, ba wanda zai ce a fita da ita. Ku umurci dagatai da masu unguwanni, ku kuma roƙi limamai su faɗa a masallaci, ko wane magidanci ya ba da izini tun ciki na wata bakwai, a gaban shaidu, cewa in abu ya taso a tafi ko ba ya nan. Ko wane ƙauye ya san motar da za a tasa da dare da wanda zai tuƙa ta. A jihohin Arewa da dama ƙungiyar direbobi ta NURTW ta yi irin wannan aiki, sai ku nemi shugabanninta na tashar da ke kusa da ku. 'Yan'uwa maza biyu ko uku su bi motar, don asibiti na iya neman jini, wanda ya ba da kwalba guda kuwa jikinsa zai mayar cikin 'yan makonni. Masu ciki su je awo su karɓi maganin ƙarin jini, gama wadda ta zo haihuwa da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita sai ta kayar da ita.

Ku kuma Malamai, ga naku. Ku buɗe shafi ku rubuta sunan ko wace ungozoma ta gunduma, da ƙauyenta, da ko ta taɓa samun horo, domin in an zo kiran kwas a san waɗanda za a aika. In an kawo rahoton rasuwar mai jego, kada ku tsaya ga rubuta “ta rasu wajen haihuwa”. Ku tambaya a hankali, ba da neman mai laifi ba: mabiyiya ta faɗo ko ba ta faɗo ba, jini ya zuba, sa'a nawa aka yi kafin a nemi mota, a gida ta cika ko a hanya ko a asibiti. Ku aika da wannan tare da rahoton wata, kofe ɗaya ga Majalisar Sarki, ɗaya ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma.