Lakar Gadon Baya da Binciken Ɓera

Yau maganarmu a kan laka ce, wato farar jijiyar nan da ke cikin ƙashin gadon baya. Ita ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da taɓi. In mutum ya faɗo daga itace, ko mota ta buge shi, lakar ta tsinke, sai ƙafafunsa su mutu. Ko garwashi ya taɓa shi, ba zai ji ba.

To, masana suna neman dabara. A 1981 aka fara raino ƙwayoyin asali na ɓera a ɗakin bincike a Ingila. Su ne ƙwayoyin da ke iya rikiɗa su zama kowane irin nama na jiki. A 2022, a wata jami'a ta Kalifoniya, a Amurka, aka zuba musu sinadarai daki-daki, har suka zama ƙwayoyin jijiyar ji irin na laka, iri 6.

Amma ku lura, wannan bincike ne tukuna, bai zama magani ba. Duk wanda ya ce yana sayar da shi, ku riƙe kuɗinku.

Ga abin da ke hannunmu. Wanda ya bugu a baya, kada a lanƙwasa shi, kada a zaunar da shi. A ɗauke shi a miƙe bisa katako zuwa asibiti. Wanda ke kwance kuwa, a riƙa juya shi kowane awa 2, don kada gyambo ya kama shi. A nisanta shi da wuta.

Allah ya ba mu lafiya, amin.