Ɗan Dakon Magani Zuwa Mitokondiriya



A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu 'yan gaɓoɓi da ake kira mitokondiriya, waɗanda ke ƙona abincin da muka ci su mai da shi ƙarfi. In sun raunana, zuciya da ƙwaƙwalwa da tsoka su ke fara jin jiki. To, amma kai musu magani abu ne mawuyaci, domin tantani biyu ne suka kewaye su, na cikin kuwa ba kome yake bari ya ratsa shi ba.

A 1961 Peter Mitchell na Ingila ya bayyana cewa mitokondiriya na turo cajin lantarki na fozitif waje, sai cikinta ya zama negatif, da bambancin milibolt 150 zuwa 180. Wannan bayani ya jawo masa kyautar Nobel a 1978. Masana suka ce, ashe duk abin da ke ɗauke da cajin fozitif, yake kuma narkewa cikin maiƙo, cikin zai jawo shi da kansa. Skulachev da Liberman sun gwada haka a Mosko tun 1969.

Daga nan aka sami ɗan dako, wani sinadari da ake kira TPP. A Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, Michael Murphy da Robin Smith suka ɗaura masa sinadarin kare tantani daga lalacewa, suka sa wa haɗin suna MitoQ. Yakan taru cikin mitokondiriya ninki ɗaruruwa fiye da yadda yake a waje.

Sai dai isar da kaya daban, biyan bukata daban. Da aka gwada MitoQ kan masu cutar makyarkyata ta Parkinson, sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna bai rage saurin cutar ba. Ga kuma wata matsala: mitokondiriyar da ta fi rauni cajinta kan ragu, saboda haka wadda ta fi bukatar maganin ita ta fi samun kaɗan.

Duk da haka aiki bai tsaya ba. A 2025 Amurka ta amince da elamipretide, wanda ke manne wa wani maiƙo na tantanin ciki, don masu cutar Barth.

Mu da za mu zama likitoci, masu harhaɗa magunguna da jami'an lafiya, ya wajaba duk sa'ad da aka tallata mana irin wannan magani mu tambayi abu biyu: ya isa inda aka aike shi? Majiyyaci kuma ya sami sauƙi?