Sanda Biyu Masu Haske: Tsaron Ma'aikatan Ƙasa a Filin Jirgin Sama da Dare



Idan jirgi ya sauka lafiya, fasinja kan yi hamdala, ya fara laluben wayarsa. A wurinsa tafiya ta ƙare. Amma a daidai lokacin ne wasu bayin Allah suke shiga mafi haɗarin mintunan aikinsu. Ina nufin ma'aikatan ƙasa: mai tsayawa gaban jirgi da sanda biyu masu haske, da masu tafiya a gefen fukafukai, da mai sa waigi.

Matuƙin babban jirgi ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancin jirginsa, kuma da ƙyar yake hango ƙarshen fiffike. Faɗin Boeing 777-300ER daga fiffike zuwa fiffike ya kusa mita 65. Saboda haka idonsa na kan mutum ɗaya: mai sanda biyun nan. Alamun da mutumin nan yake yi ba shi ya ƙirƙiro su ba. Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta tsara su, iri ɗaya ne a Kano da Jidda da Landan. Idan ya buɗe hannuwa, ya ɗaga su a hankali har sandunan suka gitta a saman kansa, yana cewa tsaya. Idan ya gitta su farat ɗaya, tsayawar gaggawa ce. Idan ya ja sanda a saitin maƙogwaro, a kashe inji.

Me dare ke canzawa? Ƙa'idar ICAO ta nemi hasken wurin ajiye jirgi ya kai laks 20 a ma'aunin haske, amma fitilar da ke kan dogon turke inuwa take jefawa ƙarƙashin fiffike, inda aikin yake. A tsakiyar fankar inji akwai wani farin zane mai murɗe da ke nuna tana juyawa. Cikin duhu ba kowa ke lura da shi ba. Kunne ma ba ya taimako, domin a toshe yake saboda ƙara. Ga barci: masu binciken gajiya sun nuna tsakanin ƙarfe biyu zuwa shida na asuba hankalin ɗan Adam ya fi rauni. Mu nan Najeriya kuma sai ka ƙara hazon hunturu, da lokacin jigilar alhazai, inda manyan jirage kan iso tsakar dare, kowa na neman a sallame shi.

Bari mu duba abubuwa biyu da suka faru. Ranar 16 ga Disamba 2015, da dare, a filin jirgin Mumbai, an tura wani Airbus A319 na Air India baya domin ya tashi. Jirgin ya makara. Matuƙan suka motsa ba tare da sun tabbatar da alamar cewa kowa ya kauce ba, alhali wani makanike yana nan kusa. Inji ya zuƙe shi.

Na biyun ya fi tsaya mini a rai, kuma da rana ma ya faru. Ranar 31 ga Disamba 2022, a Montgomery ta jihar Alabama a Amurka, wani Embraer 175 ya iso daga Dallas da ƙaramin injinsa mai ba da wuta a lalace. Dole aka bar inji yana aiki har a jona wutar ƙasa. Rahoton hukumar binciken haɗura ta Amurka ya ce sau biyu aka tara ma'aikatan kafin jirgin ya tsaya, aka gargaɗe su: kada kowa ya matsa sai inji ya mutu, jar fitilar jirgin mai walƙiya ta ɗauke. Duk da haka wata ma'aikaciya ta bi ta gaban injin hagu, ta rasa ranta. Daga baya hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ci kamfanin da take wa aiki tarar dala 15,625. Ku auna wannan kuɗi da ran mutum.

To, wa zai ce ba ta san doka ba? Mintuna kaɗan da suka wuce aka faɗa mata. Abin da nake gani shi ne, jiki yana bin abin da ya saba. Wanda kullum jirgi na tsayawa inji ke mutuwa, ƙafarsa za ta kai shi kafin tunaninsa ya iso, kamar yaron mota da ya saba dira da waigi tun tirela ba ta gama tsayawa ba. Kuma wa ya koya masa wannan sabo? Shugaban da ke tsaye da agogo yana cewa “ku yi sauri, jirgi zai makara.” Idan ana yaba wa mai sauri, ana harar mai jira, lacca dubu ba za ta yi aiki ba, har da wannan tawa.

Shi ya sa nake kira ga hukumar filayen jiragen sama, FAAN, da hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da kamfanonin hidimar jirage irin su NAHCO da SAHCO, a kan abubuwan da ba sa cin kuɗi sosai. A ba mafi ƙanƙantar ma'aikaci ikon gitta sanda ya tsayar da jirgi, a rubuce, ba tare da an yanke masa ko kwabo ba idan ya zamana ba komai. Duk jirgin da zai iso da inji a kunne, a ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai tsare hanyar injin. A duba batirin sanduna da rigunan ƙyalli kafin magariba. Sannan minti biyun da aka ɓata ana jiran jar fitila ta ɗauke, kada a rubuta su a kan sunan kowa a matsayin jinkiri.