Yadda Guga da Rana Ke Cinye Ƙarfin Igiya: Daga Bakin Rijiya a Andarai



Duk wanda ya leƙa tsohuwar rijiya a Andarai ko ƙauyukan Maiyama zai ga itacen da aka gitta a bakinta ya sha zane, igiya ta yi masa kwari-kwari. To, yadda igiya ta ci itacen, haka shi ma ya ci ta.

Igiyar kaba da ta rama da ta ɓawon kuka ba sa ɓoye tsufansu: suna yin gashi, sili yana tashi, mai ja ya gani ya sake tufka. Igiyar roba da ta cika kasuwar Jega halinta daban. Zafin rana yana gasa ta, launinta ya koɗe, in ka murza sai ta bar maka gari a hannu, alhali kaurinta yana nan. Idan aka jefar da ita jiƙe a ƙasa, rairayi ya shige tsakanin silinta. Daga nan duk jan da aka yi, ƙwayoyin yashin nan suna yankan zaren daga ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Masu wasan sululu a teku, waɗanda wata babbar lema mai tashi sama ke ja da ƙarfin iska, kamar a Dakhla ta gaɓar Atlantika, sun san wannan sarai. Igiyoyinsu na zaren Dyneema ne, tsawonsu ya ɗan haura mita 20, kuma sirara ne ƙwarai. Ba a ko'ina suke tsinkewa ba. Sai inda suke gogar juna, da inda aka sami ƙulli. Ƙulli ɗaya kan iya rage kusan rabin ƙarfin irin wannan igiya, domin a lanƙwasar nan wasu zaruruwa kaɗan ne ke ɗaukar nauyin duka.

Abin da ke hana ni barci shi ne mai yasar rijiya. Igiyar da ta saba ɗaga ruwa lita 20, wato kilo 20, ita ake ɗaura wa magidanci a zura shi, ga ƙulli biyu ko uku na gyara a jikinta. Ta ɗauki guga jiya, sai a ce ai lafiyarta lau.

Saboda haka a ware igiyar shiga rijiya, kada a ja ruwa da ita, a ajiye ta a inuwa, a rataye. Kafin a zura mutum, a buɗe tufkarta a duba ciki kamu-kamu, musamman wurin da ke kwanciya a kan itace. Ina kuma roƙon injiniyoyin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero su karɓi tsofaffin igiyoyi daga rijiyoyinmu da na direbobin da ke ɗaure buhunan albasa, su ja su da na'ura har su tsinke, su faɗa mana bayan wata nawa ya kamata a sauya.