Jawabin Daraktan Sashen Kamun Kifi a Bikin Yaye Masu Sa Ido a Jiragen Tuna da Ma'aikatan Bayanai

Mai girma Ministan Albarkatun Teku, babban baƙonmu na yau, mai girma Babban Sakatare, 'yan majalisa masu daraja, musamman shugaban kwamitin kasafin kuɗi, wanda na yi murna ƙwarai da ganinsa a sahun gaba, iyayenmu sarakunan gargajiya, shugabannin addini, kwamandan jirgin sintiri da jami'ansa, shugaban tashar jiragen ruwa, baƙinmu da suka taso daga Honiyara da Numeya, wakilan kamfanonin jiragen kamun kifi, malaman da suka yi wannan horo, 'yan jarida, iyaye da matan aure da mazajen waɗanda ake yayewa, sai ku 'ya'yana masu bikin. Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, girmansa yana nan yadda yake. 

Kowa a ɗakin nan ya san inda aka fito. A da jiragen ƙasashen nesa kan shigo ruwanmu su kwasa su tafi, abin da ake miƙo mana kuwa bai taka kara ya karya ba. A 1979 magabatanmu suka kafa hukumar kamun kifi ta yankinmu, FFA, a Honiyara. A 1982, shekarar da dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar wa kowace ƙasa mil 200 daga gaɓarta, aka ƙulla Yarjejeniyar Nauru, wadda a yau ta haɗa mu mu takwas: Kiribati, Tubalu, Nauru, Palau, Tsibiran Mashal, Tarayyar Maikironesiya, Tsibiran Solomon da Papuwa Niyu Gini, ga kuma Tokelau tana tafiya tare da mu a tsarin sayar da ranakun kamu. A 2004 hukumar WCPFC mai kula da tuna ta fara aiki, mazauninta yana Ponpe. Daga ƙarshen 2007 muka koma sayar da ranar kamu, a 2015 kuma muka tsayar da cewa ba za a sayar wa jirgin baƙo rana ɗaya ƙasa da dala 8,000 ba. Abin da ƙasashenmu ke samu ya tashi daga kimanin dala miliyan 60 a 2010 zuwa wajen dala miliyan 500 a shekara. Fiye da rabin tunar da duniya ke ci daga yammaci da tsakiyar Fasifik take fitowa, kuma masana sun auna manyan jinsunanmu huɗu sun ce babu wanda kamu ya durƙusar. Wannan ba ƙaramin abin godiya ga Allah ba ne.

A nan gida ma, ƙarƙashin jagorancin mai girma Minista, ba a zauna ba. An gyara ɗakin kwamfuta, an ja masa intanet mai ƙarfi. Ma'aikatanmu suna shigar da bayanai kai tsaye cikin rumbun TUFMAN 2. Masu bin masuntan ƙauye suna aiki da manhajar Tails a bakin ruwa. Ana ganin kowane jirgi mai lasisi a allo ta tauraron ɗan'adam, dare da rana. Duk jirgin da ya shigo tasha don juye kifi cikin jirgin dako, akwai jami'inmu a kansa. Bayan dakatarwar da annobar korona ta jawo a 2020, mun mayar da mai sa ido kan kowane jirgin taru tun daga Janairun 2023. Ga kuma mata a cikin wannan aji, har wasunsu sun fi mazan maki. Ku tafa musu.

'Ya'yana, na ji labarin ranarku ta farko a jirgin horo, yadda wasu ƙarfafa daga cikinku suka rungume ƙarfen gefe suka mayar wa teku karin kumallonsu. Ba komai, kowane kyaftin daga nan ya fara. Yanzu kun san aikin. Kun san tashin asuba kafin a zuba taru a kan tarkon da ke yawo bisa ruwa, kun san tsayuwa a jiƙe da ma'auni a hannu ana zubo kifi tan-tan, kuna ɗiba kuna aunawa kuna rubutawa. Malamanku sun sa kun tsaga cikin ƙananan kifi biyu da ido ba ya rabewa da sauri. Na farko hantarsa sumul take, ɓarinta na dama ya fi tsawo, wannan mai rawayen fiffike ne. Na biyu hantarsa duk zane-zane, wannan mai babban ido ne. Kada ku raina wannan tsagar. Mai babban ido shi ne wanda aka fi jin tsoron ya ragu, ƙananansa kuwa sau da yawa takardar jirgi ba ta ware su, sai a haɗa su da sauran a rubuta suna ɗaya. Da awonku ne masana a Numeya ke gyara wannan lissafi, da lissafinsu ne ake yanke yawan ranakun da za mu sayar.

A nan zan ajiye takardar da aka rubuta mini, mai girma Minista, domin akwai maganar da ke cina.

Binciken da aka yi wa FFA, wanda ya fito a 2021, ya ƙiyasta cewa tunar da ake kamawa ba bisa ƙa'ida ba a yankinmu ta kai kimanin tan 192,000 a shekara, mai darajar dala miliyan 333. Wannan ci gaba ne, domin ƙiyasin 2016 ya ce tan 306,000. Amma ku saurari sauran: kashi 89 cikin ɗari na wannan kifi ba ɓarayin dare ne suka kwashe shi ba. Jiragen da ke da lasisi ne, waɗanda muke gani a allonmu, suke rubuta abin da ba shi suka kama ba. Jirgin sintiri ba zai kamo wannan ba, ko nawa aka zuba masa mai. Alƙalami ke kamo shi. Wanda ya ba da hayar gona bai tsaya an ƙirga dami a gabansa ba, abin da aka ce masa shi zai karɓa.

To, me muke yi wa masu riƙe da alƙalamin? Yaro ya yi makonni a teku, a jirgin mamari ma watanni, cikin mutanen da ba ya jin yarensu, yana cin abin da suka ba shi, yana rubuta abin da ba sa so a rubuta. Ya sauko, sai ya shiga zaryar neman alawus ɗinsa. Yau a ce fayil yana wancan tebur, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na ga matar wani mai sa ido zaune a bencin ƙofar ofis da takardar kuɗin makarantar yara a naɗe a hannunta, mijinta yana can ruwa a tafiya ta biyu, kuɗin ta farko bai fito ba. Wannan kuɗi kuwa ba roƙo ba ne. Kamfanoni sun riga sun biya shi tare da kuɗin lasisi, da sunan aikin sa ido aka karɓe shi. Ya shiga babban asusu ne ya rasa hanyar fitowa.

Masu hira a baya can, don Allah ku saurara, ko ku fita waje ku ƙarasa. Maganar abincin mutane ake yi.

Ku gaya mini, mutumin da ake bin sa bashin shago, wani ya tare shi a lungun jirgi da ambulan ya ce wancan kifin da aka zubar a ruwa a manta da shi, da wane ƙarfin zuciya muke so ya ce a'a? Yawancinsu suna cewa a'a, na shaida, kuma ina alfahari da su. Amma bai kamata mu riƙa gwada amanar mutum da yunwa ba. Kuma gwanayen da muka horar suna barinmu ɗaya bayan ɗaya, sai mu sake ɗebo sababbi mu fara daga farko.

Abu na biyu, masu tantance rahoto. Littafin mai sa ido ba ya zama hujja sai wani gwani ya zauna da shi shafi-shafi, ya tambaye shi me ya sa lokacin nan bai dace da na allo ba, me ya sa ya amsa e a wannan layi na fom ɗin GEN-3, wa ya gani, da ƙarfe nawa. Idan an yi wannan zama cikin kwanakin saukarsa, yana tuna komai. Idan aka bari wata uku, ya manta, ko ya sake hawa wani jirgin. Masu wannan aiki a wurinmu ba su kai yawan da ake buƙata ba. Ku zo ɗakin ajiyarmu ku ga littattafai a kwali, gefensu ya kumbura da ruwan gishiri, rubutun fensir yana dusashewa, suna jiran wanda zai buɗe su. A cikinsu akwai laifuffukan da tararsu kaɗai za ta biya albashin masu tantancewar. Kuma mun ga yadda Tarayyar Turai ta ɗaga wa Papuwa Niyu Gini da Tsibiran Solomon katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2014, da Kiribati a 2016, da irin wahalar da suka sha kafin a janye. Kasuwa takarda take tambaya.

Ana ta ce mini kyamara za ta maye gurbin mutum. Ina maraba da kyamara, musamman a jiragen mamari, inda ƙa'idar yanki ta tsaya a kan kashi 5 cikin ɗari na sa ido, wanda ya yi kaɗan ƙwarai. Sai dai hoton da ta ɗauko, mutum ne zai zauna ya kalla, shi ma albashi yake ci.

Wakilan kamfanoni, na gode da zuwanku, da yawanku kuna riƙe yaranmu da mutunci. Amma yankin nan ya rasa masu sa ido a teku, har da ɗan Kiribati da ya rasu cikin jirgi a watan Maris na 2020. Kowane ɗaya daga cikin masu sa idon da muke yayewa zai hau da na'urar saƙonsa ta kansa da na'urar neman agaji. Kyaftin ɗin da ya taɓa ɗayansu, ko ya hana shi aika saƙo, ni da kaina zan kai takardar lasisinsa teburin Minista.

Ku kuma 'ya'yana, abin da ido ya gani shi za ku rubuta, a lokacin da ya gani. Kada ku kwafi takardar kyaftin, kada ku cike gurbi da ka. Ma'aikatan kwamfuta, lambar da kuka yi shakka a kanta ku tambaya kafin ku shigar. Wanda aka samu ya karɓi ambulan, satifiket ɗin yau ba zai cece shi ba.

Mai girma shugaban kwamiti, roƙona biyu ne, a gaban iyayen yaran nan nake yin sa. A ware kuɗin aikin sa ido a asusunsa na kansa, yadda wanda ya sauko zai karɓi haƙƙinsa da zarar an tantance littafinsa. A kuma buɗe mana guraben masu tantancewa a kasafin da ke tafe. Takardar roƙon tana ofishinku, kwafinta kuma yana hannuna, zan miƙa muku kafin ku hau mota.

Yanzu ina roƙon mai girma Minista ya taso ya miƙa takardun shaida. 'Ya'yana, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.