Jawabin Taro: Ɗanmu Mai Ƙidayar Cuta



Kuna tambaya: yaronmu ya ƙare lissafi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, don mi ya ci gaba da karatu? Tun yana lakwal mun san shi da son ƙidaya. Yana lise sanƙarau na 2015 ya faɗo, shi ya juya hankalinsa. Yanzu lissafin kiwon lafiya yake koyo.

Ga amfaninsa: in mutum 10 cikin 100.000 sun kamu a sati guda, an tabbata annoba ce, sai a kawo rigakafi. Wanda aka ɓoye a ɗaki ba ya shiga lissafi. Don Allah mu kai marasa lafiyarmu likita a rubuta su.

Allah shi ba mu lafiya, amin.