Jinyar Tsoho a Asibiti: Hankalin Mara Lafiya da na Mai Jinya

Zancenmu na yau a kan iyayenmu da kakanninmu ne, idan ciwo ya kai su kwanciya asibiti, da kuma wanda ya bi su jinya.

A Turai akwai gidajen da ake ajiye tsofaffi, ma'aikata suna duba su dare da rana. Mu nan tsoho a gida yake, cikin ƴaƴa da jikoki. Amma in ciwo ya yi tsanani, majo na CSI yakan rubuta takarda, a wuce da shi asibitin gunduma, Mayahi ko Tasawa. In abin ya fi ƙarfinsu, sai Maraɗi. Can, allura da magani aikin ma'aikata ne. Wanka, da wanki, da abinci, da kai shi bayan gida, duk suna wuyan mai jinya.

To, ku duba halin da tsohon nan ya shiga. Shekara 70 yana kwana ɗakinsa. Ya san kukan zakaransa, ya san muryar ladanin unguwarsu. Yau ga shi bisa gadon ƙarfe, cikin baƙi, fitila tana ci har safe. A zuciyarsa yana cewa: "An kawo ni nan in mutu. Na zama kaya. Za a sayar da akuya saboda ni." Wannan tunani ciwo ne na biyu. Yana hana barci, yana hana cin abinci, magani kuwa ba ya aiki sosai a jikin da ba ya ci. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, cikin mutum 100 masu shekara 60 zuwa sama, kamar 14 suna fama da wata damuwa ta hankali.

Wani abu yakan tsorata masu jinya ƙwarai. Tsoho da jiya yake magana daidai, yau da magariba ya rikice. Bai gane ɗiyarsa ba. Yana kiran waɗanda suka rasu. Yana fizge robar ƙarin ruwa, yana cewa zai tafi gona. Nan da nan sai a ce iskoki ne, ko sammu, a nemi a ɗauke shi da dare a koma gida.

Ƴan'uwa, ku tsaya. Wannan ruɗewa ta farat ɗaya lokotoro ya san ta. Zazzaɓi yana kawo ta. Ƙarancin ruwa a jiki yana kawo ta, balle da bazara, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ciwon mafitsara, da rashin barci, da wasu magunguna, su ma suna kawo ta. Sau da yawa, in aka magance tushen, hankali yakan dawo. Don haka ku gaya wa ma'aikaci nan take. Ku faɗa masa yaushe abin ya fara, da duk maganin da tsohon ya sha, har jiƙon gida. Kada ku ɓoye.

Ga abubuwa biyar da mai jinya zai iya yi, ba su cin ko dala:

1. Kowace safiya ka gaishe shi da sunan da ya saba. Ka ce: "Baba, ni ne. Yau Talata, muna asibitin Mayahi."
2. Ka kawo masa abin da ya sani: bargonsa, carbinsa, butarsa, rediyonsa. In yana da tabarau, a sa masa.
3. Ka riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan ko bai nema ba, sai fa in lokotoro ya hana. Tsoho bai cika jin ƙishirwa ba.
4. Ka gaya masa lokacin salla. In bai iya tashi, ya yi daga zaune ko daga kwance. Hankalinsa zai kwanta.
5. In ya yi sambatu, kada ka yi masa gardama, kada ka yi masa tsawa, kada ka ɗaure shi. Ka riƙe hannunsa, ka yi magana a hankali.

A kula da kunya kuma. Dattijo ba zai so surukarsa ta yi masa wanka ba, yakan gwammace ya riƙe fitsari ya yi shiru. A sa namiji ga namiji, mace ga mace, a kare shi da zane. Kada a yi lissafin kuɗi a kansa kamar ba ya ji. A nemi shawararsa kan gona da iri, ya san har yanzu shi ne babba.

In kuwa ya fi sati biyu ba ya son magana, ba ya son abinci, yana cewa gara mutuwa, kada a ce halin tsufa ne. Wannan ma ciwo ne, yana da magani. A gaya wa lokotoro.

Yanzu mu juya ga mai jinya. Galibi mace ce. Ta baro yara, ta baro daka da ɗiban ruwa. In damina ce, ta baro gamanarta cikin haki. Maza sun tafi ci-rani. Tana kwana bisa tabarma, tana tashi sau biyar kafin asuba. Kowa ya zo dubiya ya ce: "Yaya mai jiki?" Ba wanda zai ce: "Ke fa, kin ci abinci?" In sati ya zagayo, sai ka ga ta fara fushi, tana kuka a ɓoye, tana jin ta yi wa mahaifinta laifi. Ba mugun hali ba ne, gajiya ce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dangi su zauna su raba kwanaki: wannan kwana uku, wancan kwana uku. Wanda ya iya rubutu ya rubuta sunaye da ranaku a takarda, ya rubuta lokacin shan kowane magani, a miƙa wa mai karɓa. Wanda ke nesa ya aiko da abin da ya samu, ya buga waya tsohon ya ji muryarsa. Maƙwabta su duba yara da gona.

Game da kuɗi, a shekarar 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin lokotoro da na kwanciya da rabi a asibitocinta. Ku tambayi farashi, ku karɓi rasit. Matan da ke cikin asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, su tuna da ƴar'uwarsu da ke jinya.

Ga tambayoyi biyu, ku tattauna a zaurenku. A garinku, wa ya fi zaman jinya, wa kuma ke hutar da shi? In tsoho ya rikice a asibiti, me za ku fara yi?

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.